Goshina Ya Taɓa Ƙasa

Gwandu, ranar Juma'a

Zuwa ga maigidana Baban Surayya, inuwata a tsakiyar bazara, ruwan randata bayan doguwar tafiya, kuma mutumin da ya fi kowa iya ɓata mini rai.

Assalamu alaikum. Saƙonka daga Kalgo ya iso: ƙwaryar man shanu, kiret ɗin lemo, da 'yar takarda wai in daure in mayar da jikina, mutane suna magana. Na san mutanen. Mutum ɗaya ce, yayarka Zulai, wadda ta ƙare mini kallo a wajen suna a Dangoma ta ce ƙanenta ya bar matarsa da yunwa. Malam, kai da ka shekara ashirin kana karantar da 'ya'yan mutane, yaushe ka yarda ƙibar mace ita ce takardar shaidar miji?

Ka manta yadda nake bara? Shekara huɗu ina sallah a kan kujerar roba kamar baƙuwa a ɗakina, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da likita ta ce nauyi ne ke cinye su, wa ya riƙe hannuna da sassafe muka taka daga bakin ɗaki zuwa gindin dogon yaro? Taku arba'in. A na ashirin na zazzaga maka masifa, ka yi dariya ka ci gaba da ƙirga. Ranar na sake son ka, irin son da busasshiyar gona ke yi wa ruwan farko.

Da aka mayar da kai Kalgo ban tsaya ba. Kullum sai in zauna in miƙe ƙafa, in ƙirga goma, in sauke. Arba'in ɗin nan ta zama zagaye unguwa. Malmala uku ta koma ɗaya, zogale da gasasshen kifi suka cike gurbin. Ranar da na raba kunu da sukari sai da na yi zaman makoki. Yanzu zanena sai na ƙara masa naɗi. Ita ce yunwar?

To saurara, sanyin idona. Yau da azahar na ture kujerar. Na yi ruku'u, na sauka a hankali, gwiwa ta ɗan yi ƙorafi ta yi shiru, goshina ya taɓa ƙasa. Ƙasa, Malam! Har ƙanshin tabarma na ji. Na daɗe ban ɗago ba, kuma duk da haushinka da ya cika mini ciki, sunanka ne ya fara zuwa bakina.

Gobe direban motar Kalgo zai kawo maka kaya. Man shanu da lemo naka ne, ka san yadda za ka yi da su. Kujerar kuwa ka kai wa Yaya Zulai tare da gaisuwata, na ga yadda take dafa bango in za ta tashi. In ta gaji da ita, ta zo in koya mata ƙirga goma.

Kai kuma ka zo ƙarshen mako mai zuwa, gidan nan ba ka ciki kamar miya ba gishiri. Ka taho da takalmin tafiya, don na lura tumbinka ya fara riga ka shiga ɗaki. Ni zan riƙe hannunka. Da arba'in za mu fara, kuma an yarda ka yi masifa a na ashirin.

Taka ce ni, da ƙiba da rama, har ranar da za a kai ni makwancina,

Rahmatu