Goron da Saratu Ta Ƙi Karɓa

Malam Idi tela ne yake rubuta mini, daga nan Gagarawa Tasha.

Hansatu 'yata, ina gaishe ki. Yaya Damagaram, yaya maigidan da yara? Ya ƙafar taki? Mu lafiya lau.

Kin san maƙwabciyata Saratu, Kiristar nan. Sau uku ina miƙa mata goro tana janye hannu. Na ce to, zumunci ya ƙare, na daina leƙa ta. Sai ga ta da sallama: "Inna, me na yi miki?" Na ce, "Gorona kika ƙi." Ta yi dariya har da hawaye, wai azuminsu na kwana arba'in suke yi, ita goro ta bari saboda Allah, don goron ne abin da ta fi so. Na ce, "Ke, ba goro? Lallai kin yi azumi!"

Daga ranar na riƙa ajiye mata rabonta a jiƙaƙƙen tsumma. Ran sallarsu ta Ista ta kawo mini shinkafa da nama, ni kuwa na juye mata goron a cinya. Ko tashi ba ta yi ba sai da bakinta ya yi jajur.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida surukarki. Malam, tsaya nan, na gaji.