Moton Kaka Ya Yi Tari

Zuwa ga Kakana Malam Brah, tsohon mijin matata,

Assalamu alaikum, Tsoho. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana kwance cikin ni'ima. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, don babu direban da ke bin hanyar da ka bi ya dawo. To amma bakina ya cika da labari, kuma duk Gure babu wanda nake son ba wa sai kai. Ko da kana nan ma ai ba karantawa za ka yi ba. Miƙo mini za ka yi, ka ce rubutun 'yan lakwal, 'yan boko, tafiyar kaza ne, in karanta maka da kaina.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ba ni da tarbiyya. Bana an yi ruwa, Tsoho, ruwa na gaske. Bayan shekarun farin nan da suka cinye mana shanu suka bar mu da igiyoyi, ga gero ya fi ni tsawo a gonarka ta bayan tudu. Tafkin kwari ya cika, masu lambu sai murmushi. Hadiza ta Kawu Mamman ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Da yake babu mai iya kiran sunan a gidan, Baba Ƙarami ake ce masa. Ya ɗauko ka sak wajen faɗa, ko nono aka makara ba shi sai unguwa ta ji.

Matarmu, kakata Yagana, kuwa, a nan ne labarin ba daɗi. Ta gama takaba tuntuni, amma ta ƙi fita daga ɗaki. Ka san yadda muke da ita. In na shigo na ce amarya ina tuwona, sai ta biyo ni da muciya tana cewa me za ta yi da miji tela wanda ko akuya bai ajiye ba. Tun da ka tafi, in na tsokane ta sai ta ce sannu Lawali, shi ke nan. Wallahi wannan sannun ta fi muciya zafi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Motonka, babur ɗin nan naka, ya zama nawa.

Kada ka tashi, kwanta ka ji. Ranar da aka raba kayanka, kowa ya ɗauki abin da Allah Ya ba shi, aka bar moton a ƙarƙashin rumfa, inda ya yi shekaru kaji na ƙwai a kansa. Kawu Mamman ya ce ya riga ya yi magana da maƙeri, bayan girbi zai zo ya sassare shi a yi fartanya da wuƙaƙe, don ƙarfen da ba ya motsi ba shi da amfani a gida. Na dubi ƙofar ɗakin Yagana, na ga ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai na miƙe na ce ni jika ne, ba ni da gado, amma ina da rabon wasa: na karɓi matar, kuma na karɓi moton. Aka yi ta dariya. Kawu ya ce to, in na sa shi ya yi magana kafin a gama shigo da damman gero, nawa ne har abada. In kuwa ya ƙi, maƙeri na nan.

Ka ga inda bakina ya kai ni? Ni da ban san komai a ƙarfe ba sai keken ɗinki!

Ka tuna yadda kake ba mu labarinsa? Wai daga hannun wani Bature ka karɓe shi lokacin da suke tattara kayansu za su tafi, wai da shi ka zagaye Alakos da Gidigir kana yi wa shanun mutane allura, wai ya fi raƙumi sanin rairayi. Sa'an nan rana ɗaya ka turo shi gida ka ce ya mutu, kada wanda ya sake taɓa shi. Kawunnaina sun zuba masa mai, sun yi ta dukan ƙafar tayar da shi har suka gaji, ko uhum bai ce ba. Kowa ya yarda ya mutu, tun da mai shi ya faɗa.

Da na jawo shi fili, sai da na yi salati. Kashin kaji ya yi masa rawani. Ɓeraye sun cinye sirdin, sai ƙarfe tsirara. Tayoyin sun tsattsage kamar dugadugan manomi, zanzaro kuma ya gina gidaje har cikin bututun hayaƙi. Zuciyata ta ce in hau in doki ƙafar nan da ƙarfi ko Allah zai sa a dace. Allah Ya taimake ni na fara zuwa wurin Hamani, Bazabarmen nan da ke gyaran motar likita, wanda kake cewa Hausarsa ta fi motarsa lalacewa. Ya ce kul, in na doke shi a bushe zan karya abin da shekaru ba su karya ba. Ya ce in fara da wanki, don ba a duba mara lafiya cikin dauɗa. In kwance buji, wato fulogi, in ɗiga mai a ramin, in bar shi ya jiƙa, sa'an nan in taka ƙafar a hankali da hannu in ji ko cikinsa na juyawa. Ya ce kome na kwance in jera shi bi da bi, kada in tara su wuri guda kamar goro.

Wannan kam na iya. Na shimfiɗa wani tsohon zane, na jera ƙusoshi kamar yadda nake jera yankan riga kafin ɗinki. Na wanke, na kankare, na fasa gidajen zanzaro, ɗaya ya rama a kunnena. Sirdi kuwa ai sana'ata ce: na samo fatar akuya wurin dukawa, na cusa auduga, na ɗinke shi tsaf. Na rantse ya fi na Baturen kyau.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne da na kwance bujin. Ina jiran in ga tsatsa, sai na ga ramin yana ƙyalli da mai. Na taka ƙafar da hannu, cikinsa ya juya sumul, har da wani ɗan numfashi, fus. Na leƙa tanki, babu tsatsa, babu dattin tsohon isansi, wato fetur, an tsiyaye shi tas an shafe. Na ce ikon Allah, wace irin gawa ce wannan da ake shafa wa mai? Hamani ya zo ya goge bujin, ya jingina shi da jikin injin, na taka, sai ga wuta shuɗiya ta yi tsalle. Ya dube ni ya ce wannan moto lafiyarsa ƙalau, yunwa ce kawai ke damunsa. Muka zuba isansi, muka buɗe famfon mai, muka jira. Ko ɗigo bai sauko ƙasa ba.

Sai na cire tiyon da ke kai mai daga tanki, na sa baki na hura. A toshe. Na ɗauko tsinken da nake zura mazagin wando, na zura a hankali, na tura. Ka san abin da ya faɗo a tafin hannuna, ko ba ka sani ba?

Ƙwallon dabino, Tsoho. An fere shi da wuƙa, an daidaita shi da bakin tiyo kamar an auna.

Na zauna a ƙasa na yi dariya har hawaye suka zubo, Hamani na tsammanin zafin rana ne ya taɓa ni. Na kama ka! Ɓera ba ya fere ƙwallo da wuƙa. Kai ka kashe motonka da hannunka, kuma kai ne kake lallaɓawa kana ɗiga masa mai duk shekarun nan don kada ya mutu da gaske. Ina cikin dariyar sai lissafi ya zo mini. Shekarar da ka ce ya mutu, ita ce shekarar da ka fara miƙo mini takardu in karanta maka, ita ce shekarar da ka fara gaishe da mutane sai sun yi magana tukuna. Idonka ne ya tafi, ko ba haka ba? Ka ƙi a ce Malam Brah ya kasa hawa, ka kuma ƙi ganin wani a kan sirdinka, sai ka ɗora wa moto laifi. A nan na daina dariya. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Da na ɗauke ka a baya, ka riƙa nuna mini hanya da baki, ka zage ni a kowane tudu. Ban taɓa faɗa maka ba, don tsakanina da kai sai tsiya, amma tun ina yaro babu abin da nake so a duniya kamar in zama kai. Duk tsokanar nan da nake maka, hanyar zama kusa da kai ce kawai.

Jiya da hantsi muka mayar da kome wurinsa. An fara shigo da dammai, Kawu na tsaye a bakin rumbu yana mini kallon wanda ya riga ya ci. Na yi bisimilla na doki ƙafar. Shiru. Na sake, ya yi tari kamar kai da asuba. A na gaba sai ya kama, Tsoho! Ya yi wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka haye katanga, Baba Ƙarami ya tsala ihu. Kawu ya saki damin da ke hannunsa yana tafa hannu yana cewa maƙeri ya yi asara. Kada ka ɗauka an gama, da sauran aiki. Sai an samo tayoyi daga Damagaram, birki kuma babu shi sam, fitila ma makauniya ce. Amma ya yi magana, kuma nawa ne.

Ina riƙe da kansa yana rawa a hannuna, sai na ga labulen ɗakin Yagana ya ɗaga. Ta fito da sauri, ba sanda, ɗankwali a karkace, da kwanon ruwa a hannu, ta nufi zaure. Ashe haka take tarbarka in ka dawo daga daji? Ta kai tsakiyar gida sai ta tsaya cak. Ta tuna. Na kashe moton, gidan ya yi tsit, na ce a raina shi ke nan, na fama mata ciwo da hannuna.

Sa'an nan ta juyo ta tako har gabana, ta miƙo mini. Na sha. Ta goge ido da bakin zane, ta ce ni dai mijin banza ne, ko kashe moto ban iya ba, kai, Tsoho, sai ka murɗa hannunsa ya yi ruri sau biyu a ƙofar gida don ta san kai ne. Na nuna mata ƙwallon na ce ta ga aikin tsohon mijinta. Ta karɓa ta jujjuya shi, sai ta fashe da dariya, irin wadda rabon da a ji ta tun kana nan. Ta ce yo wa nake tsammani ya cinye dabinon ya ba ka ƙwallon?

Ta ce in an sa tayoyi ita za a fara ɗauka, kuma a bakin kabarinka za mu fara tsayawa. Ka saurara, za ka ji an murɗa sau biyu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya mayar maka da ganinka a Aljanna.

Naka, wanda ya ƙwace maka mata da moto,
Lawali tela, Gure.