Idon Celina da ƙaryar da na yi wa likita

Anti Ladi, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana. Wata biyu ke nan ba ni da natsuwa. In na zauna sai in tashi, in na ɗauki aiki sai in ajiye. Jiya katako ɗaya sau uku ina yanka shi, duk bai zo daidai ba.

Ni kafinta ne a Romi, shagona a ƙofar gida yake. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Bari in kira matar Comfort, babbar 'yar kuma Celina, shekararta biyar. Ƙaninta har yanzu ana goya shi. Mahaifiyata ma tana tare da mu. Tun Celina tana shekara uku muka lura idonta na hagu yana karkata ciki in ta gaji, irin harara-garken nan. Muka ce in ta girma zai daidaita. Sai bana malamarta ta aiko cewa yarinyar tana karkata kai in za ta kalli allo. Muka kai ta asibitin ido. Likita ta rufe mata idon dama, ta nuna mata hoton kifi ƙato, Celina ta kasa faɗin ko mene ne. Likitar ta ce idon kansa lafiyarsa ƙalau, ƙwaƙwalwa ce ta daina aiki da shi. Ta rubuta tabarau, ta ce a riƙa manna filasta a kan ido mai kyau awa huɗu kullum. Sannan ta tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Comfort ta ce babu a nasu. Ni ma na ce babu.

Anti, ƙarya na yi. Idona na hagu dishi-dishi yake gani tun tasowata. Ban ma sani ba sai da na je neman aikin soja ina shekara sha tara, aka rufe min ido ɗaya, haruffa suka watse, aka ce in koma gida. Na dawo na ce wa mutane wurin gudu na faɗi. Nawa ba ya karkata yadda za a gane, shi ya sa shekara bakwai da aure Comfort ba ta sani ba. Ban san abin da ya riƙe min baki a gaban likita ba, kunya ce ko tsoro.

Yanzu Mama ta ɗora wa Comfort laifin. Wai ita ce take kwantar da Celina tana jaririya, ƙwan lantarki na bayan kanta, yarinya ta yi ta juya ido tana neman haske har ya karkace. Har a coci ta faɗa wa mata 'yan uwanta. Comfort ta yarda, takan shiga ɗaki ta yi kuka, ni kuma na bar ta da laifin.

Akwai kuma wanda ya fi wannan. In Celina ta dawo daga makaranta, sai uwar ta manna mata filasta ta tafi shagonta na gyaran gashi a Unguwar Boro. Yarinyar sai ta fito wurina tana laluben bango, tana kuka wai ba ta ganin fuskata. Ni kaɗai a gidan na san abin da take gani. Sai in ɓare, in mayar kafin uwar ta dawo. Awa huɗu takan koma rabin awa. Wani lokaci in ce ai gado ne, yana cikin jini, me ya sa za a azabtar da ita? Ni ba ga ni ina sana'ata ba? Can kuma sai in tuna ranar da aka sallame ni a layin neman aikin soja. Saura mako biyu mu koma asibiti. In faɗa? In abin gado ne, filastar tana da amfani kuwa?

Kafinta mai ido ɗaya da rabi, Romi

Malam Kafinta, sannu da wannan kaya. Na kai tambayarka wurin wata likitar ido, ga abin da na fahimta. Gado yana da hannu: yaron da ke da mai irin wannan a dangi ya fi kusa da samunsa. Amma jariri ba ya zuwa duniya da gani cikakke. Ƙwaƙwalwa koyon gani take yi daga abin da idanu ke kawo mata, kamar yadda hannunka ya koyi riƙon zarto. In ido ɗaya yana kawo hoto marar kyau, sai ta yi watsi da shi ta dogara da ɗayan. Filasta tana tilasta mata ta koma ta koya. Kuma koyon ya fi sauƙi kafin shekara bakwai zuwa takwas, daga nan yana ta wuya. Kai ba a gano naka da wuri ba. Na Celina an gano.

Ban ga laifinka a tausayin da kake ji ba, kuma babu wanda ke zaɓen abin da zai gadar wa ɗansa. Amma ɓare filastar nan cutar da ita ne, ka daina daga yau. Kukan farkon nan yakan ragu in idon ya fara farfaɗowa. Kada ka bar ta tana yawo cikin katako da ƙusa. Ka zaunar da ita, ka ba ta fenti da takarda, ko wake da masara ta ware, aikin da zai sa idon ya dage.

Comfort kuwa, ka gaya mata kafin ranar asibiti, ku biyu kawai, duka maganganun biyu. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya, don ta ɗauki laifin da ba nata ba kana kallo. Ka saurara, kada ka kare kanka. Mama ba mugunta take yi ba, abin da ta taso ta ji ne, amma ƙwan lantarki ba ya karkata ido. Kai ne ɗanta, kai za ka gaya mata cikin ladabi, a gaban matarka.

Likita ma ka gaya mata ainihin awannin da aka yi. In ba haka ba, za ta ɗauka maganin ne bai yi ba. Ku tafi da ƙaramin a duba shi, kai ma a duba ka. Kuma ka nemi gilashin kariya na aiki, mai ido ɗaya mai kyau ba ya wasa da tsinin ƙusa.

Allah ya ba Celina lafiya, ya sanyaya zuciyar Comfort, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Anti Ladi