Karanta Mini Yadda Aka Rubuta

Zuwa ga maigidana, inuwar da nake fakewa, ruwan sanyin da ke kashe mini ƙishi, tauraron asubata, baban 'ya'yana,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da girmana na koye shi, har yau layukana gangarawa suke yi kamar awaki a kan tudu. Na haɗa takardar nan da wankakkun kayanku na ba direban motar birni, domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Tun da ka tafi da Dogo, babban ɗanmu, asibitin birni, ka bar ni da ƙannensa, amsarka ɗaya ce: da sauƙi, da sauƙi. Sai ka ce ga likita nan, ka kashe.

Ya hasken idona, ka tuna majigin da aka nuna a majami'a shekarar aurenmu? Aka rataya farin zanin gado a bango, aka toshe tagogi da tabarmi, mu kuwa muna bencin baya wanda kai ka haɗa da hannunka, ƙanshin katako bai bar rigarka ba. Mutanen fim ɗin suna magana da wani harshe, fassara tana wucewa a ƙasan hoto, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Sai ka sunkuyo kana karanta mini a kunne, numfashinka kamar iskar da ke riga ruwan sama isowa. Har wata tsohuwa ta waiwayo ta ce ango da amarya su bari sai sun je gida mana!

Labarin wata mai wankau ne. Ɗanta ya kwanta ciwo, aka ɗauke shi a mota zuwa nesa. Can sai wani mutum ya zo ƙofarta, ya cire hula, ya yi magana. Na damƙe hannunka. Ka ce mini yaron ya warke, yana nan tafe. Matar ta shiga ɗakin sujada tana waƙa, hawaye yana zuba, matan gefena ma suna share ido. Ka ce farin ciki ma yana sa kuka. Na koma gida zuciyata fes, na riƙe labarin nan shekara da shekaru, duk sanda yaro ya yi zazzaɓi shi nake tunawa.

Ran Lahadin nan da yamma Fasto ya sake nuna shi. Na je don in sami abin jingina. Yanzu kuwa ina karatu. Dogo ne ya koya mini tun yana da lafiya, yana gyara mini, yana dariya wai na riƙe fensir kamar muciya. Rubutun ƙasan hoton yana gudu ya fi ni sauri, amma da mutumin ya cire hula, layin ya tsaya, na karanta shi har ƙarshe. Yaron ya rasu.

Wayyo, abin ƙaunata! Ashe tun ranar kake tsayawa tsakanina da rana don kada ta ƙone ni? Ban ji haushinka ba, Allah ya gani. Wane miji ne zai yi haka in ba mai zuciya irin taka ba? Amma yanzu na gane muryar. Muryar da ta ce mini yaron ya warke, ita ce take ce mini da sauƙi.

Tun daga nan ƙafata ta kasa taka keken ɗinki. Takalman Dogo suna bakin ƙofa, na hana a taɓa su. Auta tana tambayata yaushe yayanta zai dawo ya gyara mata jakar makaranta, ni ma sai na ji bakina yana ce mata da sauƙi. In na durƙusa yin addu'a, daga Uba ba na iya ƙara komai. Zuciyata ta zama rijiyar rani, in na zura guga laka nake jawowa. Ba na sa rai, maigida. Gara in faɗa maka gaskiya, ko da kai ba ka faɗa mini ba.

Sai dai akwai abin da ka ɓoye mini tare da mutuwar, ba da nufi ba. A ƙarshen fim ɗin maƙwabciyar matar ta tambaye ta, yanzu da ba ɗa, da sunan wa za a kira ta? Ta ce kafin ta zama uwar wani, ita 'yar Allah ce, kuma hannun da ya karɓi ɗanta shi ne yake riƙe da ita. Ba murna ce ta sa ta waƙa ba. Ba ta da sauran wurin tsayawa ne sai Almasihu, ta kuwa tsaya. Ni ban kai ta ba. Amma ruwan baftismar da ya taɓa ta shi ya taɓa ni. Ashe Ubangijin da ya riƙe mai wankau zai saki mai ɗinki?

Kai fa, bangon gidana, wa yake karanta maka? Kana zaune kai kaɗai a kujerar ƙarfe, kana haɗiye abin da likitoci suka ce, ba kunnen da za ka sunkuya ka zuba wa. Har yaushe itace ɗaya zai tare guguwa?

Na roƙi ƙanwarka ta zauna da yara. Jibi ina tafe, kada ka hana ni. Ka tarye ni a ƙofar asibiti, ka sunkuyo kamar dā, ka karanta mini yadda aka rubuta, kada ka canza ko baƙi ɗaya. In kuka ne, mu yi shi tare. In akwai sauran waƙa a maƙogwarona, ina so ɗana ya ji ta tun kunnensa yana ji.

Taka ce ni, da sauƙi ko ba sauƙi, har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu,

Matarka, maman Dogo