Busa Daga Bayan Darni

Daren Laraba, watan Safar

Ni ne Babban Baturen Makarantu, mai sa 'ya'yan mutane tsallen kwaɗo da sassafe, wai motsa jiki. Yau suna cikin yi, wani ɗan banza ya laɓe bayan darni, ya busa wani kara da ke kuka kamar usur ɗin Malam. Yara suka watse, sun zaci an tashi. Malam ya kama Mamman, abokin ɗan banzan, wai shi ya busa, bulala shida.

Da la'asar na ce wa Mamman, "Ɗan kwaɗo, mi ya samu bayanka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ga ƙafarka ƙarƙashin darni. Ban faɗi ba." Ya wuce.

Ba wani Bature. Ni ne ɗan banzan, Bube. Na karya karan.