Takalman da Na Saya wa Royce

Mitchell, Dakota ta Kudu
9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Marlys,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Arne da yara da jikoki. Allah ya sa gwiwar nan taki ta yi sauƙi, ya kuma sa sanyin Kodiak na bana ya zo muku da rangwame. Mu nan lafiya lau, sai godiya. An fara girbin masara a gonar Goggo Verna, ita kuma tana nan yadda kika san ta, shekara tamanin da huɗu amma ita ke tuƙa kanta zuwa coci, duk wanda ya hango motarta sai ya sauka gefen titi. Ɗana Wade ya samu aiki a Sioux Falls, yana zuwa duk Lahadi da buhun wanki. Kifin da kika aiko ya iso lafiya, mun ci har mun ɗanɗana wa maƙwabta.

Kin tambaye ni a katinki ko wani laifi kika yi wa ɗan'uwanmu Royce, tunda rabonsa da ɗaukar wayarki tun Kirsimeti, sai dai ya turo miki saƙon kalma uku. Ba ki yi masa komai ba. Amma amsar da na samo ta fi tambayarki rikita ni, shi ya sa na zauna rubutu maimakon in kira ki. A taƙaice, ana so a cire Royce daga ƙungiyar kiɗan da ya kafa da hannunsa, ni aka ɗora wa faɗa masa, kuma ina jin ni na jawo. Ki yi haƙuri in labarin ya yi ta kwana-kwana, kaina ne bai zauna daidai ba.

Ƙungiyar tasu, Tsohuwar Taya, dai tana nan yadda kika bar ta: Royce a kan ganguna, amininsa Curtis a jitar bes mai kaurin sautin nan, Dell yana waƙa da kaɗa jita. Ni kuma shekara tara ke nan ina tuƙa motarsu, ina sayar da riguna, ina amsa waya, wai ni ce manaja. Bana mun yi wasa a taruka goma sha ɗaya na masu babura, kuma duk inda muka je abin ya yi armashi. Kin san yadda ake yi, a shimfiɗa katako a bayan tirela ya zama dandamali, mutane su jero baburansu har gindinsa, in waƙa ta ƙare ba tafi ake yi ba, totur ake murɗawa, babur ɗari uku lokaci ɗaya, har haƙoran mutum su riƙa karo da juna. A wani taro na watan Yuli wata mata mai suna Misis Hovland ta gan su, ta ce rabonta da jin kiɗan rok mai rai irin wannan ta manta. Ita dillaliyar wasanni ce, ta sa sunanmu a wasan gwaji da ake yi a wani otal a Omaha, inda masu shirya bukukuwan gundumomi ke zama su zaɓi makaɗan da za su ɗauka baɗi. Minti ashirin ake ba kowace ƙungiya, mu aka ba mu ƙarfe biyu na rana.

To nan rawar kaina ta tashi. Aka aiko mini takardar tsarin dandamali in cike, na ce ai wannan karon sai mun fito kamar mutanen kirki. Tun da na san su, Curtis a hagun Royce yake tsayawa, kusan a kan cinyarsa, ga ƙatuwar sifikarsa a ɗore kan katakon da gangunan ke kai, abin ba kyan gani. Sai na mayar da Curtis can dama kusa da Dell, na kuma yarda a yi amfani da kayan sautin otal, kowa da 'yar na'urarsa a kunne kamar manyan mawaƙa. Sannan ga batun ƙafafun Royce. 'Yan shekarun nan ya tsiri kiɗa ba takalmi, ƙafafun nan nasa masu kama da saiwar itace a waje kowa na gani. Na je kanti na zaɓo masa takalman kaboyi baƙaƙe masu kaurin ƙasa. Curtis ya same ni sau biyu yana sosa ƙeya, yana cewa a bar abubuwa yadda suke mana. Na tambaye shi dalili, ya ce shi dai haka ya saba. Na ce masa sabon nan ne ya sa suka shekara talatin suna wasa a bayan tirela. Royce kuwa da na miƙa masa takalman ya daɗe yana jujjuya su, sannan ya ce, "Sun yi kyau, Auta." Ya sa su.

Zauren otal ɗin siminti ne da aka rufe da kafet mai kauri, mutane wajen sittin a zaune a kan kujeru, kowa da biro da takarda, ba mai ko tari. Waƙar farko ta tafi daidai, don Royce ne ke buɗe ta. A ta biyu akwai wurin da ganguna ke tsayawa, Curtis ya yi shi kaɗai, sannan Royce ya dawo. Ya dawo, amma ba a inda ya kamata ba. Dell ya waiga, Curtis ya yi ta miƙa wuya yana neman su haɗa ido, ni kuma ina gefe ina ta tunanin ko na'urar ce ta lalace. Haka suka lallaɓa har ƙarshe. Da waƙar ta ƙare jita ta yi shiru, bes ta yi shiru, Royce kuwa ya ci gaba da duka shi kaɗai, idonsa a rufe, yana ta zuba gumi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, a wurina dai kamar an yi sati. Da ya buɗe ido ya ga kowa shi yake kallo, sai ya ajiye sandunan a hankali. Dell ya yi maza ya ce cikin lasifika, "Ku yi haƙuri, jama'a, makaɗinmu an ƙera shi ne ba birki." Aka yi dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Bayan an tashi Misis Hovland ta ja ni gefe. Ta ce duk da abin da ya faru akwai masu so, za ta iya haɗa mana bukukuwa goma sha huɗu a bazara mai zuwa, amma da wani makaɗin. Ta ce ta ga irin wannan da yawa, kuma ba ta ɗaukar mai shan giya. Yaya, kin san shekara goma sha ɗaya ke nan Royce bai kai giya bakinsa ba. Na buɗe baki in kare shi, sai na ji ni kaina ban tabbata ba. Abin kunya, da muka shiga mota sai da na faki idonsa na sunsuna kwalbar kofinsa. Kofi ne kawai, mai ɗaci kamar kullum.

A hanyar dawowa muka tsaya shan mai, Royce da Dell suka shiga kantin. Curtis ya zagayo tagar direba ya ce shi ya gaji da riƙe abin nan. Ya ce Royce ba ya ji. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan, kuma shekara uku ke nan. Ya ce sifikar nan da nake cewa ba kyan gani, ita ke girgiza katakon, Royce kuma da tafin ƙafarsa yake jin bes ɗin, shi ya sa ya daina sa takalmi. In za a canja, Curtis ya ɗan sunkuyar da wuyan jitarsa, Royce ya gani ta wutsiyar ido. In kuma ya shagala, girgizar babura ce ke sanar da shi an gama. Ita na'urar kunnen ba abin da take kai masa sai hayaniya. Na ce to don me bai faɗa mini ba lokacin da nake canja komai? Ya ce Royce ya sa shi ya rantse. Na ce shi Royce ɗin fa, don me ya karɓi takalman? Curtis ya ce, "Ke kika saya masa, Glenda. Me kike so ya ce miki?"

Tun ranar nake bin shekarun nan uku ɗaya bayan ɗaya, ina mamakin inda hankalina ya tafi. Amma ta yaya zan gane? A taron babura kowa kurma ne, in kina son mutum ya miƙo miki gishiri sai kin kama hannunsa kin yi masa ihu. A gida kuma na lura in ina magana yana kafe ni da ido, har na riƙa yabonsa a coci cewa tun da ya bar sha ya koyi sauraron mutane, ashe bakina yake karantawa. Rashin ɗaukar wayarki ma abin da ya sa ke nan, ba fushi ba ne. Na rasa haushin wa zan ji. Da safe in ji haushin Curtis, da rana in ji na Royce, da yamma in koma kan kaina, wani lokacin har da ke, don kin tafi kin bar ni da su.

Yanzu Dell ya ce shekararsa hamsin da tara, irin wannan dama ba za ta sake zuwa ba, Royce ma in yana son su zai ce su karɓa. Curtis ya ce ranar da wani ya zauna a kujerar Royce, shi ma ya ajiye jita. Duk su biyun sun yarda a kan abu ɗaya, wato ni zan faɗa masa. Na yi tunanin in kira Misis Hovland in ce ba sha ba ne, kunne ne, a mayar masa da katakonsa ta ga aiki. Amma sirrinsa ne, bai ma san na sani ba, kuma wa ya ce mai gudun mashayi za ta ɗauki makaɗin da ba ya ji? Ta ba ni zuwa ranar Juma'a ta sama.

Jiya da safe na yi ƙundumbala na tafi gidansa. Na same shi a gareji a tsugune, ya ba ƙofa baya, yana goge babur ɗinsa. Na tsaya a bayansa na fara magana kafin zuciyata ta karaya. Na faɗa masa komai, da sharaɗin matar, da abin da Dell ya ce, da abin da Curtis ya tona. Na ce ni na ɓata masa wasa, ya yafe mini. Har kuka na yi. Bai juyo ba, hannunsa dai na ta kai da komowa da tsumma, na ɗauka fushi ne ya hana shi kallona. Da na yi shiru sai ya ajiye tsumman, ya nuna madubin babur ɗin da yatsa, ya ce, "Auta, tun ɗazu nake ganin bakinki yana motsi a nan, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ki zagayo gabana ki sake faɗa, amma a hankali." Karon farko ke nan da ya faɗi haka da bakinsa. Na zagayo, na tsuguna a gabansa, ya zuba wa bakina ido yana jira. Yaya, abin da ya fito shi ne, wai ko yana son in dafa masa kofi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to, ki dafa.

Don Allah ki rubuto mini da wuri abin da kike gani, ke ce babba, kuma ya fi jin nauyinki. Ki gaishe mini da Arne, da Signe da mijinta, da ƙaramin Anders mai ƙiriniya. Goggo Verna da Wade suna gaishe ku, ban faɗa musu komai ba tukuna. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Gobe zan sake komawa garejin, ki sa ni a addu'a in iya tsayawa a gabansa.

Taki ƙanwa,
Glenda