Ƙafar raƙumi da aka ɗaure

Tawa, daren Laraba, 1964

Murna ta hana ni barci! Yau na kai wa yaran lakwal, wato makaranta, littafin hotuna da na zana don koya musu lissafin sau. Raƙuma uku na yi yadda nake ganinsu a kasuwa, kowane an naɗe masa ƙafa guda an ɗaure, ba ta fito a zanen ba. Na ce ƙafa nawa? Suka ƙirga da yatsa, tara. Sai Hadiza 'yar Takanamat, wadda ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, ta ce, "Mushe malam, sha biyu ne. Ɗaurarriya ma ai ƙafa ce, huɗu sau uku."

Wallahi ni kaina tara na rubuta a bayan shafin.